Shari'ar Katantanwa: Martani Ga Masu Cewa Nazarinta Aikin Ƙoshi Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin waɗanda suke ɗaukar kansu masu hangen nesa, har ta kai yanzu ba a tsayawa a auna ta kafin a gyaɗa kai. Maganar ita ce wai ilimi iri biyu ne, na yunwa da na ƙoshi. Na yunwa shi ne wanda zai haƙa rijiya, ya warkar da ciwo, ya ƙara wa manomi dami. Na ƙoshi kuwa shi ne wanda ƙasashe masu arziki suke yi don sun rasa inda za su kai kuɗinsu. In aka nemi misali, ba a rasa mai cewa, "Kamar mutum ya ɓata shekara ashirin yana ƙirga layukan da ke bayan katantanwa." Sai a yi dariya a wuce. A wurin masu wannan ra'ayi, katantanwar ruwa matsayi ɗaya gare ta, wato masaukin tsutsar tsargiya, don haka tambayar da ta halatta a kanta ita ce da wace guba za a kashe ta, kuma nawa ne kuɗin buhu.

Ina ja da wannan magana tun daga tushenta. Ba zan fake da cewa sani yana da daɗi don kansa ba, ko da yake na yarda da haka. Zan bi su har filin da suka zaɓa da kansu, wato filin amfani, domin a can ma ina ganin ba su da gaskiya. Shaiduna kuwa su ne katantanwun tsoffin tafkunan duniya, waɗanda ake kafa misalin ɓata lokaci da su.

Yawancin tafkunan duniya jarirai ne. Ba su wuce shekara dubu goma zuwa dubu ashirin ba, domin tafki rami ne, rami kuwa cikewa yake yi: koguna suna zuba masa laka da yashi, ciyayi suna cin bakinsa, yau da gobe sai ya koma fadama. Amma akwai 'yan ƙalilan da suka tsallake wannan makoma, galibi saboda ƙasar da suke kwance a kai tana ci gaba da tsagewa tana nutsewa fiye da yadda laka take cika ta. Baikal na Saberiya ya kai shekara miliyan 25, zurfinsa mita 1,642. Tanganyika, wanda Tanzaniya da Kongo da Burundi da Zambiya suka kewaye, yana tsakanin shekara miliyan 9 zuwa 12, zurfinsa mita 1,470. Ohrid, a kan iyakar Albaniya da Masedoniya ta Arewa, ƙarami ne, faɗinsa murabba'in kilomita 358 kacal, amma haƙar da aka yi a ƙarƙashinsa a 2013 ta nuna ya yi shekara miliyan 1.36 bai taɓa ƙafewa ba.

A irin waɗannan ruwaye katantanwa takan yi abin da ba ta yi a kududdufi. Dabba ce mai nawa, kowa ya sani, kuma da yawa daga na waɗannan tafkuna ba sa zuba ƙwai ruwa ya tafi da shi. 'Ya'ya suke haifa da ƙwansonsu, su sauka nan gefen uwa su soma kiwo. Ga irin wannan halitta, idan ta saba da dutse, yashin kilomita biyu da ke tsakanin tsibin duwatsu biyu ya fi hamada wuyar ƙetarewa. Zuriya sai ta rabu gida-gida, kowane gida yana auratayya a cikin kansa, yana daidaita da abincin da ke gabansa da maƙiyin da ke bayansa, har a wayi gari sun zama jinsuna dabam-dabam. Ohrid, duk da ƙanƙantarsa, an ƙirga masa jinsin katantanwa 72, kuma 56 daga ciki babu su a ko'ina a doron ƙasa. Baikal yana da kusan 150, mafi yawansu nasa ne shi kaɗai. A tafkunan tsibirin Sulawesi na Indonesiya, irin su Poso da Matano da Towuti, dangin da ake kira Tylomelania ya rarrabu ta hanyar harshe. Harshen katantanwa kamar magagari yake, jere da ƙananan haƙora, kuma an tarar mai kankarar abinci a kan dutse da mai bin ruɓaɓɓen itace da mai tonon laka kowace da fasalin haƙoranta.

Tanganyika ne ya fi kowanne rikita masana, kuma a kansa nake so in daɗe. A 1858 Richard Burton da John Speke suka iso bakinsa a Ujiji, Speke ya tsinci 'yan ƙwansuna ya kai Ingila. Da aka duba su, sai mamaki ya kama mutane. Katantanwar ruwan daɗi, kamar yadda duk wanda ya yi wasan koɗi yana yaro ya sani, ƙwansonta ba shi da kauri, sumul yake, ba ado. Waɗannan kuwa masu kauri ne da nauyi, wasu da ƙuraje a jere, wasu da ƙayoyi dogaye, kamar wadda aka raɗa wa suna Tiphobia horei a 1880. Duk wanda ya gan su zai rantse daga bakin teku aka kwaso su. Wani Bafaranshe, Bourguignat, wanda yake zaune a ƙasarsa yana karɓar ƙwansunan da matafiya da 'yan mishan suke aiko masa, ya ƙirƙiro musu laƙabi a 1885 mai ma'anar "masu kama da na teku". Ana cikin haka kuma aka sami wata halitta a tafkin, mai laushi kamar kitse, mai siffar lema, irin wadda a lokacin aka fi saninta a ruwan gishiri.

Wani matashin masani ɗan Ingila, J. E. S. Moore, ya je tafkin sau biyu a ƙarshen ƙarni na 19, ya dawo da amsar da ta burge kowa, ya zuba ta a littafinsa The Tanganyika Problem na 1903. A ganinsa Tanganyika ragowar wani tsohon teku ne da ƙasa ta datse tun zamanin da manyan ƙadangaru suke yawo a duniya, ruwansa ya salamce a hankali, halittunsa kuma suka tsira a ciki kamar fursunonin da aka manta da su. Ya jera hotunan ƙwansunan tafkin gefe da gefe da na burbushin katantanwun teku na wancan zamani, kamannin kuwa har ban tsoro. Amma Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a da suka ce kama da wane ba wane ba ne. Masana duwatsu ba su sami alamar teku a yankin ba. W. A. Cunnington, wanda ya jagoranci tafiya ta uku a 1904 zuwa 1905, ya tattaro shaidun da suka kwance wa ra'ayin zani a kasuwa. Ita kuma halittar nan mai siffar lema, wadda ta kasance babbar hujja, sai ga ta a Tafkin Biktoriya, sai ga ta a Kogin Kwara namu, inda babu mai da'awar ragowar teku ne. Da aka feɗe katantanwun aka duba cikinsu, sai aka ga danginsu na ruwan daɗi ne.

To, in ba gadon teku ba ne, me ya sa suka yi sulke? An ɗauki kusan shekara tamanin kafin a sami amsa mai gamsarwa. A Tanganyika akwai ƙaguwoyi waɗanda su ma babu su a wani wuri, babbarsu ita ce Platythelphusa armata, mai ƙahon hannu da haƙora masu faɗi kamar turame, waɗanda aikinsu fasa ƙwanso. A 1991 Kelly West da Andrew Cohen da abokin aikinsu suka buga sakamakon gwajin da suka yi. Sun matse ƙwansuna da na'ura don auna ƙarfinsu, sun kuma haɗa ƙaguwa da katantanwa sun zuba ido. Ƙwansunan Tanganyika sun fi na sauran ruwayen Afirka ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da yawa suna ɗauke da tabon inda ƙaguwa ta ɓantara, mai shi ta tsira ta yi ɗori. Mai kauri da ƙuraje ta fi tsira, ta fi barin zuriya. Ƙaguwa mai ƙarfin hannu ta fi ƙoshi, ita ma ta fi barin zuriya. A teku ma haka abin yake, ƙaguwa da kifi suna fasa, katantanwa tana kauri. Matsala iri ɗaya ce ta haifar da magani iri ɗaya a wurare biyu da ba su taɓa haɗuwa ba.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2004 Anthony Wilson da Matthias Glaubrecht da Axel Meyer suka bi diddigin ƙwayoyin gadon waɗannan katantanwu, suka tarar manyan rassan zuriyar sun girmi tafkin kansa. Wato tun kafin ramin ya buɗe suna nan a kogunan tsakiyar Afirka, tafkin ya zame musu mafaka, daga baya wasu rassan, irin su Lavigeria da ke bin duwatsun gaɓa, suka yi ta 'ya'ya a ciki. Tanganyika rumbu ne kuma gona ne a lokaci guda. Har matattunsu ba su zama banza ba. Ƙwansunan Neothauma sukan yi ɗaruruwan shekaru a ƙasan ruwa ba su narke ba, sun shimfiɗu fili guda, kuma akwai ƙananan kifaye da ba su da gida sai cikinsu. Namijin wani kifi, Lamprologus callipterus, da baki yake ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya tara, kowace mace da ɗakinta, har yakan sato na maƙwabci.

Na san abin da abokin jayayyata zai ce a nan: "Tatsuniya ta yi daɗi, amma wa ya warke da ita?" Bari in ba shi amsa da cutar da ya ce ita ce damuwarsa. Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851, amma aka shafe shekara 64 ba a tabbatar da yadda take shiga jikin mutum a Afirka ba. Babban masanin tsutsotsi na Alƙahira a lokacin, Arthur Looss, ya dage cewa daga mutum take komawa mutum kai tsaye. Sai a 1915 Robert Leiper ya bi magudanun ruwan Masar yana tsintar katantanwa yana rarrabe su, ya nuna cewa tsutsar fitsarin jini a dangin Bulinus take sauka, ta hanji kuma a wani dangin dabam, wanda yau ake kira Biomphalaria. Da ba don akwai mutanen da suka riga suka ɓata rayuwarsu wajen bambance wannan ƙwanso da wancan ba, da Leiper bai san sunan abin da ke tafin hannunsa ba.

Kuma darasin da ya kayar da Moore yana nan daram a cikin dangin Bulinus. Akwai jinsuna sama da talatin a cikinsa, ba duka ne suke ɗaukar tsutsar mutum ba. Bulinus truncatus, wadda take cike da magudanun noman rani a Afirka ta Yamma da ta Arewa, masauki ce ta gaske. Bulinus tropicus, wadda ƙwansonta yake kama da nata har gwani yakan ruɗe, ba a san ta da yaɗa tsargiyar mutum ba. Bambancin yana can ciki: ta biyun tana da kuromosom 36, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da gado a ƙwayar halitta, ta farkon kuwa tana da 72, ninki biyu, saboda wani abu da ya auku a tarihin zuriyarta. Jami'in lafiyar da bai san wannan ba zai zuba gubar miliyoyi a ruwan da ba shi da laifi, ya bar wanda yake da shi. Wanda ya gano wannan bambanci kuwa irin mutumin nan ne da ake yi wa dariya.

Hujjata mafi nauyi tana Tafkin Malawi. Shekaru da dama an san cewa tsargiya a wannan yanki ta fadamu ce da bakin rafuka, inda Bulinus globosus take zaune cikin ciyayi. Buɗaɗɗiyar gaɓar tafkin, mai farin yashi da igiyar ruwa, ana ɗaukarta wuri mai aminci, yara suna wanka, mata suna wanki. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai al'amari ya juya a yankin Cape Maclear, musamman ƙauyen Chembe: cutar ta yi yawa a tsakanin 'yan makaranta, baƙi masu zuwa iyo ma suna komawa gida da ita. Ruwa ba ya tsami banza. Jay Stauffer, masanin kifi ɗan Amurka da ya daɗe yana nutso a wannan gaɓa yana ƙirga kifaye, da Henry Madsen, masanin katantanwa ɗan Denmak, suka haɗa abin da kowannensu ya sani. A cikin yashin gaɓar akwai wata katantanwa 'yar asalin tafkin, Bulinus nyassanus, wadda babu ita a ko'ina sai nan, mai ƙwanso da ya fi na 'yan'uwanta kauri. A 2001 aka tabbatar tana ɗaukar tsutsar. A da ba ta da yawa, domin akwai kifayen da abincinsu ke nan, babbansu Trematocranus placodon, mai haƙoran niƙa a maƙogwaro. Da masunta suka yawaita, suna jan taru daga gaɓa, wasu har suna shimfiɗa gidan sauro a cikin tarun don kada ko ɗan tsako ya kuɓuta, sai kifayen suka ragu ƙwarai, katantanwar ta sami sarari ta cika yashin.

Ba na cewa kamun kifi ne kaɗai sanadi. Mutane sun ƙaru a gaɓar, masai bai ƙaru ba, kuma masu binciken da kansu sun ambaci haka. Amma a lura da abin da ya faru. Kokawar da ke tsakanin mai fasa ƙwanso da mai ƙwanso, wadda aka yi nazarinta a Tanganyika don kawai a warware wata tsohuwar gardama ta masana, ita ce katangar da take tsare yaran Chembe ba tare da kowa ya sani ba. Dubban shekaru aka yi ana gina ta, aka rushe ta cikin shekaru ƙalilan da gidan sauron da aka yi don kare lafiyar waɗannan yaran. In da a ce ba wanda ya damu da sanin wane kifi ne yake cin wace katantanwa, da har yau ana can ana fesa guba a fadama, cutar kuwa tana fitowa daga yashin da ake shanya wanki.

Ba a Malawi kaɗai aka ga wannan ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Diama a Kogin Senegal a 1986, an tare ruwan gishiri don a yi noman shinkafa da rake, amma an tare hanyar manyan jatan lande na kogin, waɗanda dole sai sun gangara bakin teku su hayayyafa, kuma su ne masu cin katantanwa. Cikin shekara biyu tsargiyar hanji ta ɓarke a Richard Toll, ta zama ɗaya daga cikin mafi munin annobar cutar da aka rubuta a Afirka. A 2015 Susanne Sokolow da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa da suka mayar da jatan landen a wata mashaya ta gwaji, katantanwu masu ɗauke da tsutsa sun ragu sosai. Mu da muke da madatsun ruwa da magudanun noman rani daga Kano zuwa Sakkwato, a ƙasar da take cikin waɗanda suka fi kowa yawan masu wannan cuta, har a wasu ƙauyuka ake ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro, ba mu ne ya kamata mu raina irin wannan sani ba.

Kada a ce na hana magani. Ƙwayar farazikwantel da ake raba wa 'yan makaranta alheri ce, kuma gubar nikulosamid tana da wurinta a ƙaramin kududdufi ko magudanar da aka tabbatar ita ce matattarar cuta. Amma wannan guba ba ta tambayar suna. Tana kashe kifi, tana kashe kwaɗi, tana kashe katantanwar da ba ta taɓa ɗaukar tsutsa ba, wadda wataƙila ita ce take gasar abinci da mai ɗauka. Bayan 'yan watanni mai saurin hayayyafa ce take fara dawowa, kuma Bulinus da Biomphalaria, waɗanda guda ɗaya takan iya yi wa kanta barbara ta cika tafki, su ne gwanayen dawowa. Sa'an nan idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Katantanwa ba ta ƙirƙiri tsutsar ba; daga fitsari da bayan gidan mutum ƙwan yake shiga ruwa. Daga cikin ɗaruruwan jinsunan katantanwar ruwan daɗi na Afirka, 'yan kaɗan ne suke da hannu a cutar, amma hukuncin kisa muke yanke wa dangin gaba ɗaya domin ya fi gina masai sauƙi.

Akwai kuma wanda kuɗi ba shi ne damuwarsa ba. Kalmar juyin halitta ce take sa shi ɗaure fuska, saboda ya saba jin ta a haɗe da gardamar asalin ɗan Adam. Ban raina wannan damuwa ba, amma ba ita ce shari'ar da ke gabana ba. Abin da nake magana a kai shi ne abin da kowane likita ya gani da idonsa lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin, kuma kowane makiyayi yake aiki da shi in yana zaɓen bijimin da zai bari a garke: zuriya tana sauyawa gwargwadon wanda ya tsira ya haihu. A Steinheim da ke kudancin Jamus, wani dutse da ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce ya bar rami, ramin ya zama tafki, tafkin ya tara laka hawa-hawa cike da ƙwansunan da ba su fi ƙwayar dawa ba. Franz Hilgendorf ya bi hawan nan ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1860, ya ga masu faɗi kamar faifai suna komawa masu tsini kamar malfa, daga baya kuma suna sake kwantawa, ya zana bishiyar zuriyarsu, wadda ake ɗauka ita ce ta farko da aka gina a kan burbushin halittu na zahiri. Wani babban malami, Sandberger, ya ƙaryata shi shekara da shekaru. Ramin yana nan har gobe, duk mai shakka yana iya zuwa ya tona. Gani ya kori ji.

Mai karatu zai iya tambaya, ina Tafkin Chadi a wannan lissafi? Kwarinsa tsoho ne ƙwarai. Ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda aka yi wa laƙabi da Tumai, na halittar da ta rayu kusa da ruwa ne a wannan kwari kimanin shekara miliyan 7 da suka wuce. Shekara dubu bakwai baya, ruwan ya mamaye abin da ya kai murabba'in kilomita 350,000. Amma Chadi faranti ne, ba rijiya ba. Zurfinsa 'yan mitoci ne, yakan cika ya janye, ya ƙafe ya dawo, kamar yadda iyayenmu suka gani bayan farin 1973, lokacin da ruwan da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rabu biyu. Shi ya sa da Christian Lévêque ya yi ƙidayar katantanwun ƙasan tafkin a ƙarshen shekarun 1960, ya tarar jinsuna kaɗan ne suka mamaye shi, irin su Melanoides tuberculata da Bellamya unicolor da Cleopatra bulimoides, waɗanda ake samu a ruwaye da yawa na nahiyar. Tsufan rami ba ya wadatarwa. Abin da ake bukata shi ne ruwan da bai yanke ba. Malawi kansa, da zurfinsa na kusan mita 700, ya sha fari mai tsanani tsakanin shekara 135,000 da 75,000 da suka wuce, ruwansa ya yi ƙasa da ɗaruruwan mitoci, kuma binciken 2009 ya nuna jinsunan Lanistes da ke cikinsa yau matasa ne, duk da cewa burbushin kakanninsu tsoho ne a yankin.

Ma'anar wannan ita ce abin da ke cikin Tanganyika da Ohrid da Matano ba ya sayuwa, ba ya kuma dasuwa. Kuma yana tafiya. Wani lissafi na 2004 ya nuna kusan kashi 42 cikin 100 na dabbobin da aka rubuta ƙarewarsu tun shekarar 1500 dangin katantanwa da kawa ne, kusan dukkansu na tudu da ruwan daɗi, amma ba a buga hotonsu a kalanda kamar giwa da karkanda. A Kogin Coosa na jihar Alabama a Amurka, madatsun da aka gina tsakanin 1914 da shekarun 1960 sun shafe dangin Gyrotoma kakaf, da wasu jinsuna gommai. Ƙasa mai arziki ce ta yi wannan, don kada a ce ɓarna sai talaka. A Matano, wani kifin ado da aka sako a tafkin ya yaɗu yana cin 'yan ƙasa, ga haƙar ma'adinin nikel a gaɓarsa. A Tanganyika kuwa, saran itatuwa a tsaunukan gefe yana gangaro da laka ta binne duwatsun da Lavigeria take kiwo. Ga kuma zafi: iskar shaƙa a saman ruwan kawai take, mita ɗari zuwa ɗari biyu, ƙasa da nan mataccen ruwa ne. Da saman yake ƙara ɗumi, gaurayuwar ruwan tana raguwa, kuma binciken da Cohen da abokansa suka buga a 2016 ya nuna ƙasan da ke samun iska ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku a wuraren da suka auna tun 1946, katantanwa da kifi suna raguwa tare. Wannan kifi shi ne miyar miliyoyin mutane a ƙasashe huɗu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda ra'ayin "ilimin ƙoshi" yake kai mu. Mai karatu ya lura da sunayen da na jero tun daga farko: Speke, Bourguignat, Moore, Cunnington, West, Wilson, Stauffer, Madsen, Lévêque. Ba na ƙyashinsu, aiki suka yi, wasunsu ma sun horar da ɗaliban yankin a Kigoma. Amma ƙwansunan asali, waɗanda da su ake tabbatar da sunan kowane jinsi, suna cikin akwatuna a Landan da Faris da Balin da Tervuren ta Beljiyam. Ɗalibin da aka haifa a Kalemie ko Bujumbura, in yana son ya tabbatar da sunan katantanwar da ke ƙofar gidansu, sai ya nemi biza. Wanda ya ce mu bar musu wannan fanni mu riƙe feshi, ya sani ko bai sani ba, cewa yake yi mu dawwama muna sayen amsa daga waje game da ruwan da muke sha, mu ne masu ɗaukar jarka, su ne masu faɗa mana inda za a zuba.

Don haka buƙatata ga masu raba kuɗin bincike a jami'o'inmu da ma'aikatun ruwa ba mai tsada ba ce. Duk madatsa ko aikin noman rani da za a yi, a sa a kasafinsa mutumin da zai ƙirga katantanwun wurin da masu cinsu, da sunayensu, kafin a zuba siminti da kuma bayan an zuba. A ajiye abin da ya tara a ɗakin da ɗalibi zai iya shiga da ƙafarsa. Ɗalibar da ta ce tana son ta san dangantakar Bulinus ta Kogin Haɗeja da ta Komadugu Yobe da ta bakin Chadi a Baga, kada a tambaye ta wa zai ci wannan. A ba ta kwalekwale da rariya da madubin ƙara girma, da kuɗin gwajin ƙwayoyin gado, da albashin da zai riƙe ta shekara goma a kan aikin, domin ƙidayar shekara ɗaya ba ta nuna ko abu yana ƙaruwa ne ko yana raguwa.